Rabin Kan Dogo

Da hantsi ne, hadari ya haɗu tun da sassafe ya ƙi zubowa, gari ya ɗauki wani irin zafi mai danƙo da ke manne wa mutum riga a baya. Dogo ya fito daga gida da farar rigarsa a cikin leda, gogaggiya, don kada gumi ya ɓata ta kafin lokaci. Direba ne, amma ya daɗe rabonsa da sitiyari, tun da kamfanin da yake yi wa jigilar kaya ya rufe. Yau da ƙarfe biyu ake nemansa a wani kamfanin rarraba magunguna. Yayan matarsa ne ya tsaya masa, ya kuma ja masa kunne cewa ya zo tsaf, domin wanda suka ɗauka nan take suke yi masa hoton katin aiki, kuma ba su yarda da hula a hoto ba.

A bakin ƙofa matarsa ta riƙo hannun rigarsa. Ta ce, "Baban yara, aski za ka je, ba mahawara ba. Ka zauna, ka sunkuyar da kai, ka kama bakinka. Ko Kawu ya ce maka kifi a bishiya yake kwana, ka ce haka ne."

Ya ce, "Ni da wa nake musu a duniyar nan?"

"Ai na sani. Gaskiyarka ce ke fitowa ba a kira ta ba."

Shagon askin yana ƙarshen layinsu. Kujeru biyu ne a gaban dogon madubi mai tsagewa a kusurwa, sai benci, sai fanka da ta daina juya kai, ta zaɓi gefe ɗaya take yi wa hidima. Kujerar bakin ƙofa ta Kawu ce, mai shagon, dattijon da ya aske kawunan rabin unguwar tun suna yara ana riƙe su suna kuka. Ta ciki kuwa ta surukinsa ce, mijin 'yarsa, wanda har yau ake kira Ango ko da yake babban ɗansa ya shiga makaranta.

Shekaru suna aiki lafiya, sai wani shiri mai dogon zango da ake nunawa a talabijin ya shiga tsakaninsu. A cikin shirin wata cutar tari ta share mutanen duniya, birane sun zama kango. 'Yan tsirarun da suka rage suka taru a wata tsohuwar masana'antar siminti mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe guda ɗaya. A waje masu tari ne ke gararamba, ba su mutu ba, ba su warke ba, duk wanda suka taɓa ya zama nasu. Mai tsaron ƙofar wani mutum ne marar surutu da kowa ke kira Mai Makulli. A kashi na ƙarshe, ƙaninsa ya fita neman magani, ya dawo a guje masu tari na bin sa, saura ƙiris ya iso, sai Mai Makulli ya tura ƙofa ya datse. Nan aka yanke shirin, aka ce sai wani zangon. Ba a gaya wa kowa dalili ba, aka bar wa jama'a aiki.

Kawu ya ce maci amana ne, kujerar shugabanci yake hari, ya ga farin jinin ƙaninsa ya fi nasa. Ango ya ce gwarzo ne, ya ɗora ran mutum ɗaya da na sansani duka a ma'auni, ya danne zuciyarsa. Tun daga ranar masu zuwa aski suka fara zaɓen kujera gwargwadon ra'ayi. Wanda bai kalli shirin ba sai ya tsaya a ƙofa yana rarraba ido, har a tambaye shi ko yana da ƙani.

Dogo ya yi sallama ya rataye ledarsa a ƙusa. Shi tun yana yaro Kawu ke masa aski, don haka ya zauna a kujerar bakin ƙofa ba don wani ra'ayi ba. Kawu ya yafa masa ƙyalle ya ɗaure a wuya, ya ce, "Ɗana, yau ina aka nufa da farar riga?"

"Neman aiki, Kawu. Ƙarfe biyu."

"Allah ya sa a dace. Zan fito da kai kamar manaja."

Kilifa ta fara kuka. Kawu ya soma daga dama, kamar yadda ya saba, ya yi ƙasa da sumar sosai, ya hau har tsakiyar kai. Dogo ya lumshe ido. Da a haka aka ci gaba, da babu labarin da za a ba da.

Sai ga Mai Waya ya shigo. Shagonsa na gyaran waya yana jikin na Kawu, amma benci ya fi sanin sa da shagon. Bai ko zauna ba ya ɗaga wayarsa sama. "Jama'a, an gano! Wani ya tsayar da hoton daidai lokacin da ƙofa ke rufuwa. Idon Mai Makulli na hagu da hawaye, na dama babu."

Ango ya ce, "Ka ji ko! Mutum yana kuka yana aikin da ya zama dole."

Kawu ya kashe kilifa. Shi dai bai iya haɗa magana da aski ba, in baki ya buɗe hannu sai ya tsaya. Ya ce, "Hawayen ido ɗaya? Ai wannan shi ne munafuncin da ya ƙware. Ɗayan idon yana kallon kujera."

"Baba, Allah ya huci zuciyarku, amma wace kujera? Wurin da ake rabon ruwa da murfin kwalba, wa zai yi kwaɗayin mulkinsa?"

"Kai yaro ne. Ko kango ne aka ce a naɗa masa shugaba, sai an yi faɗa. Ɗan'uwa fa! Ciki ɗaya! Ko duniya za ta kife, ba a barin ɗan'uwa a waje."

'Yan benci suka gyaɗa kai, ba wanda ya tuna wa Kawu cewa shi da nasa ƙanin ba sa gaisawa tun rigimar wani tsani da aka ara aka dawo da shi babu mataki ɗaya.

Mai Waya ya ce, "Akwai kuma masu cewa ba ƙaninsa ba ne ma. Ku duba kunnuwansu, ba iri ɗaya ba ne."

Ango ya ce, "Kai, rufe mana baki. 'Yan wasa ne, kunnen kowa na gidansu ne."

Dogo yana kallon agogon bango ta cikin madubi. Akwai lokaci tukuna. Ya tuna da matarsa, ya ƙara sunkuyar da kai don a gane kan yana nan yana jira. Sunkuyawar ce ta jawo masa. Kawu ya dube shi ya ce, "Yawwa, ga mai hankali. Ɗana, ai ka kalla?"

"Mun kalla da mai ɗakina, Kawu."

"To, faɗa wa wannan surukin nawa. Me ya sa Mai Makulli ya rufe ƙofa?"

Da zai ce "kujera," da an wuce wurin. Kalmar ma ta zo masa har bakin leɓe. Amma Dogo mutum ne da in aka tambaye shi abu yakan ɗauka amsar ake so. Ya ce a hankali, "Ni dai, Kawu, ina ganin tsoro ne kawai. Ba kujera ba, ba ma'auni ba. Ya ga abin da ke tahowa, cikinsa ya ɗuri ruwa, hannunsa ya rufe ƙofa kafin kansa ya yi tunani. Ni ma da ni ne, ina jin haka zan yi."

'Yan benci suka juyo gaba ɗaya suna kallonsa.

Kawu ya ce, "Maimaita."

"Cewa na yi tsoro ne..."

"A'a, na ƙarshen."

Dogo bai maimaita ba, amma kowa ya riga ya ji. Kawu ya ajiye kilifa a kan tebur sannu a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Ya kwance ƙyallen daga wuyan Dogo, ya kaɗe, ya ninke. "Na riƙe kan nan tun yana laushi. Ban san kan mai rufe wa ɗan'uwansa ƙofa nake riƙewa ba. Tashi. Hannuna ya fita."

"Kawu, shiri ne fa."

"A shiri ake gane hali."

Dogo ya kalli madubi. Daga tsakiyar kai zuwa dama fes, kamar filin da aka share. Daga tsakiya zuwa hagu sumar wata da watanni, tsaye, ba abin da ya dame ta. Ya juya wajen Ango. "Don Allah, ɗan ƙarasa mini."

Ango ya sosa ƙeya. Shi ma ransa a ɓace yake, don an mayar masa da gwarzonsa matsoraci. Amma ba wannan ba ne ya hana shi. A sana'arsu akwai ƙa'ida da ta girmi shagon: mai aski ba ya ɗora hannu a kan da wani ya fara, sai wanda ya fara ya ce ya yafe. Yin haka kamar cewa ne aikin wancan bai yi ba. Balle kan da surukinka ya fara, kuma a shagonsa. Ango ya ce, "Dogo, ka san doka. Baba, kun yafe kan?"

Kawu ya ce, "Ban fara don in yafe ba, ban kuma tsaya don in ƙarasa ba."

Dogo ya rufe rabin kansa da tafin hannu ya tsallaka titi. Akwai wani mai aski a can, saurayi mai shago da fitilu masu launi. Yana cire hannu saurayin ya zagaya shi sau ɗaya, ya yi fito. "Wannan hannun Kawu ne. Dubi yadda ya ɗauko bayan kunne. Yayana, ni a wurinsa na koya, kana so ya tsine mini?"

"Aiki zan je nema, ƙarfe biyu."

"Wayyo. Me ka ce masa?"

Dogo ya faɗa. Saurayin ya riƙe baki. "Tsoro? Haba yayana! Ai saboda likitar nan ya rufe. Ba ka ga kallon da suke yi wa juna ba tun kashi na uku? Zauna in nuna maka a waya."

Dogo bai zauna ba. Ya tsaya a bakin titi, yara masu dawowa daga aike suna nuna shi suna ƙyaƙyatawa. Ya yi tunanin komawa gida ya sa reza da kansa, sai ya tuna ranar da ya taɓa gwadawa, aka yi mako ana tambayarsa ko faɗuwa ya yi a babur. Ya yi tunanin matarsa da abin da fuskarta za ta yi, ba ma abin da za ta ce ba. Ya tuna yayanta da ya je ya yi rantsuwa a gaban mutane cewa mijin ƙanwarsa natsattse ne. Sai ya sake tsallaka titi.

Ya samu mahawara ta yi nisa, an bar ƙofa an koma kan ko rijiyar sansanin za ta kai su damina. Ya durƙusa kusa da kujerar Kawu. "Kawu, na sake tunani. Da ni ne, buɗewa zan yi."

Kawu ya dube shi ta saman tabarau. "Yanzu da kanka ya shiga uku ka zama mai zumunci? Ai wannan shi ne halin Mai Makulli sak. Duk inda iska ta kaɗa."

Ango ya ce, "Au, buɗewa za ka yi? Yaran da ke ciki fa, su mutu ke nan?"

Mai Waya ya ce, "Bari in sa a zaurenmu na hira a waya a yi ƙuri'a, a ƙarasa masa ko kada a ƙarasa."

Dogo ya koma ƙarshen benci, gefen da fanka ba ta kaiwa, ya zauna. Tsinken agogo ya wuce sha biyu, ya kama hanyar ɗaya. Motar da za ta kai shi kamfanin sai ta ratsa kasuwa, kuma shi direba ne, ya san abin da kasuwa ke yi wa lokaci. Ya ɗaga kai ya kalli farar rigarsa a jikin ƙusa, ya sauke.

Ango yana gyara wa wani gemu, amma idonsa na zuwa madubi yana dawowa. Ya kalli agogo, ya kalli Dogo, ya kalli ledar. Da ya sallami mai gemun sai ya ɗaga murya fiye da yadda ya saba yi a gaban surukinsa.

"Baba, duk musun nan da muke yi, don ba ku ga yadda wurin yake ba ne. Da kun ga tazarar da ke tsakanin ƙanin da ƙofa, da kun san ba zai iso ba."

"Ni ban ga wurin ba? Ni da na kalla har da maimaici?"

"To bari in zana muku. Wa ke da takarda?" Bai jira a duba ba. "Babu. Dogo, ara mini kanka."

Ya kamo hannun Dogo ya zaunar da shi, ba a tasa kujerar ba, a ta Kawu. Ya yafa masa ƙyalle ya ɗauki kilifa. 'Yan benci suka taso suka kewaye.

"Ku duba. Nan da aka aske, cikin sansani ne. Wannan layin na tsakiya katanga. Duk wannan sumar kuwa daji ne, masu tari na ciki. Ƙofa tana nan, saman goshi. Ƙanin ya taso daga nan." Ya kunna kilifa ya ɗora a ƙeya, ya jawo hanya guda har gaba. Gashi ya zubo a kan ƙyalle.

Kawu ya ce, "Kai! Aski kake yi?"

"Wane ni, Baba? Bayani nake yi. Ga masu tari ta nan." Ya sake jawo wata hanyar. "Ga wasu ta bayan tsohuwar motar nan." Ya jawo ta uku, kusa da kunne. "Kun gani? Sun riga sun tare shi."

"Ƙarya ne! Ba ta nan suka ɓullo ba. Kawo nan!" Kawu ya fizge kilifar. "Tsohuwar motar tana nan ne, ƙasa. Yaron ya zagayo ta bayanta, ya bi ta gefen rami, haka." Hannunsa ya bi bayan kunnen Dogo da irin lanƙwasar da aka san shi da ita. Yau ga Kawu yana magana yana aski a lokaci guda, abin da ba a taɓa gani ba. "Nan duk fili ne, babu kowa. Fili! Ka ga? Da ya buɗe, da yaron ya shige."

"Wannan tsibirin fa, Baba? Akwai mutum uku a ciki."

"Wane tsibiri? Babu shi a shirin." Kawu ya share tsibirin.

Mai Waya ya leƙo da wayarsa. "Kawu, a hoton nan akwai ciyawa ta wajen ƙeya."

"An ƙone ta tun kashi na biyu," in ji Kawu, ya bi ta ƙeya ya ƙone ta.

Dogo bai motsa ba, ko numfashi a hankali yake yi. Yana ji ana tura kansa hagu, ana dawo da shi dama, ana kashe mutane a bayan kunnensa ana ceto wasu a saman goshinsa. Sau ɗaya Kawu ya tambaye shi, "Ko ba haka ba, ɗana?" Ya ce, "Haka ne, Kawu." Da Ango ya ce, "Dogo, ai ka ga sun tare shi?" ya ce, "Haka ne." Ba wanda ya lura amsa ɗaya ya ba su.

Da daji ya ƙare, Ango ya ce, "Saura katanga, Baba. Ai ta gaban ba miƙaƙƙiya ba ce."

"Wa ya gaya maka? Miƙaƙƙiya ce kamar zare." Kawu ya ɗauko sabuwar reza ya ɓare, ya kama haɓar Dogo ya ɗaga. Ya fitar da layin goshi a natse, ya gyara gefe da gefe, ya ja baya ya karkata kai ya duba, ya dawo ya taɓa wani ɗan wuri. Sannan ya zuba sifirit a tafin hannu ya shafe sansanin da dajin gaba ɗaya.

"Ka ga katanga," ya ce wa Ango. "Yanzu nuna mini inda mutum zai ce bai ga ƙaninsa ba."

Dogo ya kalli madubi. Askin ya fi yadda ya saba ƙasa, amma ya zauna daidai ta ko'ina, goshi kamar an sa ma'auni. Ya miƙe, ya cire rigar jikinsa ya zura farar. In ya samu mota yanzu, zai isa har ya sha ruwa.

Kawu ya riga ya juya masa baya. "Kuma kada wani ya ce na ƙarasa masa. Ni ban ƙarasa wa kowa komai ba."

"Ai ba wanda ya ce, Baba. Amma maganar rijiyar nan, ku yi haƙuri, ba za ta kai su ba."

"Za ta kai!"

Dogo ya kai bakin ƙofa ke nan, iska mai sanyi ta fara kaɗawa, Ango ya biyo shi da burushi a hannu, fuskarsa na wajen surukinsa. "Mutum nawa ke sha a cikinta, Baba? Ku lissafa da awakin." Ya kaɗe 'yan gashin da suka maƙale a wuyan farar rigar, ya miƙar da kwalar da ta naɗe ta baya, ya ɗan tura shi waje da gwiwar hannu. Dogo ya buɗe baki, amma Ango ya riga ya koma ciki yana cewa awaki ma ai rai gare su. Wata mota ta tsaya a bakin titi, Dogo ya ruga.